Ragowar Yadin Rigar Maigidana

Anti, don girman Allah ki karanta wannan har ƙarshe ki ba ni shawara, domin kaina ya kulle kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Duk wanda na sani a garin nan ya riga ya ɗauki ɓangare, ke kaɗai ce ba ki san mu ba. Ki yi haƙuri da tsawon bayanin. Ni tela ce, yadi na iya ragewa, magana kuwa ban iya ba.

Ina da aure da yara uku. Maigidana mai walda ne, yana aiki da kamfanin iskar gas da ke bayan garinmu. Yana cikin masu haɗa bakin bututu da bututu, kuma ba don mijina ba ne, hannunsa yana da kyau. Idan ya ga ɗinkina ya ɗan karkace sai ya ce da a wurinsu ne da tuni an sallame ni, ni kuma in ce masa ai ƙarfe ba ya zamewa a ƙarƙashin allura, ya zo ya gwada siliki mu gani. Haka muke tun farkon aurenmu, ba ma gajiya da tsokanar juna. Ma'aikatan suna da sansani a cikin shingen kamfanin, can suke kwana idan suna kan aiki, ranar hutu kuma mota ta sauke su a bakin titi. Nakan san ya iso tun bai yi sallama ba, domin yakan tsaya a ƙofar gida ya bubbuga takalmansa a jikin dakali, wai kada ya shigo min da ƙasar wurin aiki. Shagona a ɗakin bakin ƙofa yake, saboda haka ni ke fara ji. Yanzu an yi watanni ban ji wannan bugun ba, kuma dalilin rubutuna ke nan.

Bari in fara da wutar. A cikin kamfanin akwai wani dogon bututu a tsaye, wuta na ci a samansa, rani da damina ba ta mutuwa. Da farko har alfahari muke da ita, idan baƙo ya ɓata hanya sai mu ce ya nufo wutar kawai. Daga baya muka fara ganin abin da take saukar mana. In na shanya farin yadi da safe, kafin rana ta take ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, sai na sake wankewa. Ruwan saman da muke tarawa a ganga ya koma yana da maiƙo a kai. Kwanon rufinmu da bai tsufa ba ya soma huda. Rafin da ke gangaren unguwa, inda masu lambu ke ban ruwa, wani lokaci wari yake tashi daga wurin har sai ka toshe hanci. Duk wannan da na haƙura, domin daga can ne abincinmu ke fitowa, ban manta ba. Abin da na kasa haƙura da shi shi ne ƙirjin Auta. Ita ce ƙaramarmu, bana ta shiga makaranta. Da zarar iska ta juyo daga wajen kamfanin sai numfashinta ya riƙa fita da ƙara kamar ana busa ƙaramin usur, ta riƙe rigata tana kallona. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ba ita kaɗai ba ce, yaran layinmu sun cika mata benci. Ba ta ce gas ne ba, ta dai ce in riƙa rufe taga idan iska ta juyo.

Ana haka sai muka ji kamfanin zai faɗaɗa. Za a ja sabon layin bututu, a kuma kafa wuta ta biyu, wannan karon ta gefen makarantar yara. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta a unguwarmu, kowa Malama yake ce mata, mace ce da ko babban mutum ya gan ta sai ya gyara tsayuwa domin ta taɓa riƙe masa bulala. Ita ta fara tara mutane a ƙarƙashin rumfar gidanta: masu lambu, masu wanki da guga, iyayen yaran da ke tari. Na gaya wa maigidana zan je. Ya ce, “Ki je. ’Yarki ce, ’yata ce. Amma ki bar ni a waje, ban ji ba ban gani ba.” Muka shirya a kan haka. Ba na tambayarsa labarin aiki, ba ya tambayata labarin taro, kuma ba na zuwa duk wata fitar zanga-zanga da za a yi a ƙofar kamfani.

Sau ɗaya ne ya karya wannan shiri da kansa. Ranar hutunsa ce, ciwon Auta ya tashi, shi ya ɗauke ta a kafaɗa har asibiti. Da muka dawo ya zauna a kan teburin da nake yanka yadi, abin da kullum nake hana shi, ya gaya min wata magana game da warin rafin nan. Ba zan rubuta ta dalla-dalla a nan ba. Ta dai nuna min cewa akwai wurin da ke yoyo, kuma akwai manyan da suka sani. Ya faɗa ne yana kallon ƙasa. Matarsa ya gaya wa, kuma har yau ban kai maganar ko’ina ba.

To ga inda abin ya lalace. Bara ya shigo da wani yadi da ya saya da kansa, shuɗi mai zanen rawaya siri-siri, irin wanda ba ka gani a jikin kowa domin ba mai saye. Na ce masa wannan ai labule ne. Ya ce labulen yake so. Kuma ya sayo shi da yawa, irin sayayyar maza, kai ka ce gidan gaba ɗaya za a yi wa riga. Na ɗinka masa mai gajeren hannu da aljihu biyu, domin yana son wurin sa alli da tabarau. Rigar nan ta shiga ransa, duk ranar komawa aiki ita yake sawa, har abokansa a sansani suka sa mata suna rigar Madam. Yadin kuwa, duk muninsa, ƙarfi gare shi, an wanke an wanke bai ko kwanta ba.

Anti, duk telan da kika sani yana da buhun ƙyallaye. Ba ma zubar da ragowar yadi, ko da tafin hannu ne. Kuma da zarar yadi ya shiga buhun nan ya daina zama na wani. Ba ma ganin rigar wane ko zanen wance, kauri muke gani da tsawo. Malama ta sa an rubuta wata doguwar farar tuta, “Ku bar ’ya’yanmu su yi numfashi.” Fitar farko iska ta yage gefenta, aka kawo min gyara. Na ce wannan sai an yi mata baki da yadi mai ƙarfi, a sa mata madaukan igiya. Na zazzage buhu a ƙasa, in ja wannan in ja wancan, wanda bai saki ba shi na ɗauka. Na zagaye tutar da shi gaba ɗaya, ɗinki biyu. Har daɗin aikin na ji, ina cewa shuɗin ya fito da rubutun. Wallahi tunanin riga bai zo min ba ko sau ɗaya.

An ɗaure tutar a jikin shingen da ke kallon babbar ƙofar kamfani, a ranar da ma'aikata ke komawa daga hutu. Ni ina gida saboda alkawarinmu. Da safiyar ranar ni na goge masa rigar da hannuna, na raka shi har dakali. Abin da ya faru a can, Dogo ne ya ba ni labari, direban motar ma'aikata, abokin maigidana tun suna samari. Ya ce motar ta tsaya a ƙofa saboda taron mutane, tutar kuma dab da taga. Wani ya dubi tuta, ya juyo ya dubi riga, ya ce, “Ashe yadi ɗaya kuka yanka da su.” Aka yi dariya, har da maigidana. Dogo ya ce kafin a buɗe musu ƙofa dariyar ta mutu, kowa ya koma kallon gabansa.

Kashegari ogansu ya kira maigidana. Ya tambaye shi yadda masu zanga-zanga suka san ta inda sabon layi zai bi, abin da ko ɗan ƙaramin yaro ya sani tunda an kafa turaku a fili. Aka cire shi daga cikin waɗanda za su yi aikin sabon layin, aka mayar da shi bayan fili yana yanka tsofaffin ƙarafa. Mutumin da ake kira idan haɗi ya gagari kowa. Dogo ya ce in ya shiga ɗakin cin abinci hira takan tsaya, wasu ma sun fara cewa shi zai ja a rufe aikin su rasa abin kai wa iyali.

Hutun da ya biyo baya ya zo gida. Bai bubbuga takalmi ba, sai kawai na gan shi a ƙofar shago. Ya gaisa da yara, ya ɗaga Auta ya sa kunne a ƙirjinta, sannan ya fito da rigar a ninke ya ajiye a kan keken ɗinkina. Na buɗe baki zan yi magana ya ce, “Abu ɗaya na roƙe ki.” Ko zama bai yi ba, ya bi motar yamma ya koma. Tun daga nan ya ɗauke ƙafa. Ranar hutu a sansani yake zama. Kayan abinci ba su yanke ba, Dogo ke kawowa. Idan ya kira waya, bayan gaisuwa sai ya ce in ba Auta. Na tura masa dogon saƙo, na yi masa bayanin buhun ƙyallaye tiryan-tiryan. Amsarsa ita ce, “Na gani.”

Kada in ɓoye miki, ni ma raina a ɓace yake. Yadi ne fa, ba sirrin kamfani na ɗinka a jikin tuta ba. Kuma wa ya aike shi sayen labule? Da ya sayi irin na mutane da ba wanda ya gane. Wani lokaci in ina taka keke nakan shirya masa magana mai zafi a raina, in tsara ta tsaf, har da amsar da zan ba shi idan ya ce kaza. ’Yarsa ce ke shaƙar hayaƙin nan, shi ya ɗauke ta a kafaɗa, ya ji ƙarar da kunnensa. Me zai sa kunyar abokan aiki ta fi masa wannan nauyi? Yayarsa ma ta zo ta zauna min a shago, ta ce in fita daga harkar Malama in riƙe gidana, mace mai hankali ba ta jifan inda mijinta ke samu. Na ba ta ruwa, na ce na ji, na gode. Ban gaya mata cewa jikanta ma yana cikin masu cika bencin asibiti ba.

Amma fushin ba ya daɗewa, Anti, kewa ce ke daɗewa. Ina kewarsa har abin yana ba ni kunya, mace da girmanta da ’ya’ya uku. Ranar hutunsu nakan juya keke ya fuskanci ƙofa, in ce don haske ne. Mazan maƙwabta suna wucewa da jakunkunansu, na san tafiyar kowa, in jira har layi ya yi shiru sannan in juyar da keken. Har yanzu hannuna bai daina auna abinci da shi ba, sai na zo rabawa in ga ya yi yawa. Igiyar kekena ta saki tun kwanaki, aikin da da kaina zan iya gyarawa, amma na bar ta tana tsalle domin shi ke gyara min yana mita. Rannan na yi wani ɗinki ya karkace sosai, na ɗaga shi ina dariya zan nuna, sai na ga ba wanda zan nuna wa. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, da yamma idan na fita kwashe shanya nakan tsaya ina kallon wutar nan. Wutar da na tsana, wadda nake zuwa taro a kanta, ita nake kallo, domin na san yana wani wuri a ƙarƙashinta.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kaina ya kulle. Hukuma za ta yi taron jin ra'ayin jama'a kafin ta ba kamfanin izinin faɗaɗawa, kuma lokacin ya matso. Malama ta ce ni za a fara kira. Ta ce in matar ma'aikaci ta tashi ta yi magana ba mai cewa hassada ce, kuma ta san matar mai walda ba za ta rasa sanin wani abu ba, duk abin da na sani in faɗa. Ita tutar tana nan ana yawo da ita, za a kai ta har zauren taron. Dogo kuma ya ce kamfani zai kwaso ma'aikata a mota su cika ɗaya gefen zauren, da maigidana a ciki. Wato ganinmu na farko bayan duk wannan lokaci zai kasance ina tsaye da abin magana a hannu, shi yana zaune tsakanin mutanen da ke zarginsa.

In na tashi na yi magana, ina tsoron ba zai sake dawowa gidan nan ba. In na yi shiru aka kafa wuta ta biyu kusa da ajin Auta, ban san da wane ido zan dube ta ba idan ta riƙe rigata. Ni ba jaruma ba ce, Anti. Mijina nake so ya dawo, kuma ina so ’yata ta yi numfashi. Ki gaya min yadda zan yi.

Taki,
Telar Bakin Ƙofa

*

’Yar’uwata Tela,

Na karanta wasiƙarki, na yi dariya a wurin labule, daga nan kuma ban sake dariya ba. Allah ya ba Auta lafiya. Tunda kin nemi gaskiya, zan fara da wadda ba za ta yi miki daɗi ba.

Maigidanki ba yadi yake wa fushi ba. Mutumin da ke aiki a sansani, yana ci yana kwana da mutane ɗaya, amincewarsu ita ce rabin rayuwarsa. Ga shi mai walda, wanda mutuncinsa duka a hannunsa yake, an ɗauke shi daga aikin da ya iya an ba shi yankan tarkace. Lokacin da ya ce miki ki je taro ya san yana sa aikinsa a haɗari, duk da haka ya ce ki je. Maza da yawa da ba su ce ba. Na yarda ba da gangan kika yi ba, duk wanda ya taɓa zama kusa da tela zai yarda. Amma saƙon da kika tura masa bayanin buhu ne, shi kuwa ba buhu ne ya dame shi ba. Har yanzu bai ji daga bakinki cewa kin san abin da ya same shi ba.

Ke ma kina da taki gaskiyar, kuma ba ƙarama ba ce. Ƙirjin yarinya ba siyasa ba ne. Uwar da ta ga za a kafa wuta kusa da ajin ’yarta tana da haƙƙin tashi ta ce ba ta yarda ba, ko mijinta ne mai kamfanin. Yayarsa tana magana ne da tsoron da ya kama kowa, ki girmama ta, amma ba dole ki bi ba. Shi kuma, idan Allah ya sa yana karanta shafin nan: Malam, watanni na ƙaurace wa gida hukunci ne da ya fi laifin girma, kuma yaranka ma suna cikin masu shan shi.

Ga abin da nake ganin za ki yi. Gobe ki je ki karɓo tutar nan, ki farke bakinta, ki sa mata farin yadi. Na yi mamaki da kika ce har yanzu ana yawo da ita. Duk fitar da aka yi da ita an sake nuna shi da yatsa ne, kuma aikin da ba zai ɗauke ki wuni ba ne.

Taron kuma, shawarata ki je ki yi magana, amma ki faɗi naki kawai. Farin yadin da ke baƙi a kan igiya naki ne. Maiƙon da ke kan ruwan ganga naki ne. Bencin asibiti da numfashin Auta naki ne, kuma sun isa su sa zaure ya yi tsit. Abin da ya gaya miki a kan teburin yanka amana ce, ba ki da ikon kyautar da ita, komai kyawun dalilin. Ki gaya wa Malama a fili cewa a kira ki a matsayin uwa kuma tela, ba matar ma'aikaci ba. Na ga alamar mace ce mai kishin jama'arta, amma mai gwagwarmaya yakan ga amfanin mutum kafin ya ga halin da yake ciki. Idan ta ƙi, akwai sauran iyaye, a fara da su. Kuma idan kin tashi, ki faɗa da bakinki cewa mutanen da ke zaune a ɗaya gefen ba abokan gaba ba ne, ’ya’yansu ma iskar nan suke shaƙa, kuma duk mai neman a dakatar da aiki ya kamata ya tambayi me za su ci.

Maganar yoyo ba abin wasa ba ce, rai ke ciki. Sai dai warin rafin nan yana hancin kowa, ba sai da sunan mijinki ba. Ku nemi hukuma ta turo masu awo su je wurin da kansu, masu lambu su nuna musu hanya. Shi kuma ki gaya masa tsakaninku cewa abin da ya sani nauyi ne a wuyansa, ya nemi hanyar kai shi inda ya dace. Wannan nasa ne ya yanke.

Mafi muhimmanci, kada ya fara jin muryarki a zauren taro. Ranar hutunsu mai zuwa ki je ƙofar sansanin da rana, ki sa Dogo ya ce masa kina waje. Ki je ke kaɗai. Kada ki ɗauki Auta ki yi garkuwa da ita, kada ki nemi yayarsa ta raka ki. Ki gaya masa za ki yi magana, ki gaya masa abin da za ki faɗa da abin da ba za ki taɓa faɗa ba, sannan ki yi shiru ki saurare shi har ya gama, ko da zafi. Mai yiwuwa ya san wani abu game da aikinsa da zai sa ki sake lissafi, kuma haƙƙinsa ne ki ji shi kafin ranar.

Amma kada ki fara da gas, kada ki fara da tuta. Kin gaya min, ni da ban taɓa ganinki ba, cewa kina kewarsa har kina jin kunya. Na duba wasiƙarki daga sama har ƙasa, ban ga inda kika gaya masa ba. Shi a can abin da ya sani shi ne matarsa ta zaɓi taro, tana kuma da hujja. Bai san ana jiransa ba. Ki fara da wannan, a cikin kalmomin da kika rubuto min, ba ragi.

Ba zan yi miki alkawarin zai fito a ranar farko ba. Idan bai fito ba, ki bar masa saƙo cewa kin zo, hutu na gaba ki koma. Allah ya sassauta wa Auta, ya daidaita miki harshe a wurare biyun, ya kuma sa idan aka ce masa matarsa na ƙofa ya ajiye abin da ke hannunsa ya fito.

Antinku